Juma'ar da Na Goge Saitin Oga Bitrus

Ko me zan manta a rayuwata, ba zan taɓa mantawa da farin nan ba. Tun ranar da na fara ganin kwamfutar Oga Bitrus fuskarta baƙa ce wuluk, da manyan haruffa ruwan ɗorawa waɗanda ko daga bakin ƙofa ana iya karanta su. Ran nan sai manhajar da yake rubuta kod a cikinta, wato umarnin da kwamfuta ke bi, ta rufe kanta, ta sake buɗewa, ta fito fara fat, da 'yan mitsi-mitsin haruffa kamar an watsa gero a faranti. Ni kuwa ina hakimce a kujerarsa, hannun dama a kan maus, waya a hannun hagu, na turo baki gaba ina ɗaukar kaina hoto. Hoton yana nan har yanzu (na kasa goge shi, yanzu kalmar gogewa ma tsoro take ba ni). In ka duba shi da kyau za ka ga hasken farin ya bugi gefen fuskata, ido ɗaya ya riga ya gane an yi ɓarna, ɗayan yana nan yana yanga.

Bari in koma baya kaɗan, don a san abin da na taɓa.

Da na gama sakandare zaman gida na yi a Unguwar Mu'azu, ina wanke-wanke ina kallon bango. Ummata tana sayar da kayan miya a kasuwar Kakuri, rumfarta tana jikin ta Madam Saratu mai bandar kifi. Sun daɗe tare, har in ɗaya ta tafi salla ko ɗaya ta tafi taron mata a coci, ɗayar ce ke tsare mata kaya. Mijin Madam shi ne Oga Bitrus. Yana da ɗan shago a Makera inda yake rubuta wa masu kantin magani da ƙananan makarantu manhajar aiki, yana kuma koyar da masu son koyo. Madam ce ta kama hannuna ta kai ni. Wannan yana da muhimmanci, don a wajenmu in ka shiga koyon sana'a ta hannun wani, ranar da aka gaji da kai ba a ce maka "na kore ka." Wurin wanda ya kawo ka ake mayar da kai, ka gane sauran da kanka. Yayana Sani tun farko bai so ba. Shi ɗinki ya zaɓar min, har ya nemo min wuri. Ya ce wa Umma, "Ki bar ta, da ƙafarta za ta dawo."

Oga Bitrus a masaƙa ya yi ƙuruciyarsa, kafin masaƙun Kakuri su rufe. Inji ya cinye masa yatsu uku na hannun dama, ya bar masa babba da ɗan ƙarami. Idonsa ma ya fara rauni. Saboda haka shekara da shekaru yake ta gyara manhajar nan tana komawa daidai jikinsa, kamar yadda tsohon takalmi yake bin ƙafar mai shi. Launi, girman harafi, wannan duk ƙaramin abu ne. Babban abin shi ne maɓallai. Duk wani umarni da mu masu yatsu goma muke bayarwa da hannu biyu, shi ya kwaso shi ya dawo da shi ɓangaren hagu na kibod. Ga kuma gajerun hanyoyi da ya ƙirƙira: ya buga harafi biyu, sai layuka su zubo da kansu. Duk wannan tarin gyare-gyare shi ake kira saiti. Da saitinsa, in yana aiki hannun hagun nan ba ka ganinsa sosai, sai ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Hannun daman kuwa a cinya yake ajiye shi, musamman in akwai baƙo.

Dokar shagon guda ce: ba mai taɓa kwamfutar Oga. An ce akwai wanda ya taɓa ta don ya kalli ƙwallo, washegari aka tura shi gaishe da kawunsa.

To ni ce, ni ɗin nan, Oga ya kira wata rana ya ce daga yanzu ni zan riƙa yi masa bakof duk Juma'a, wato in kwafe saitin in adana a filash, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, saboda tsaro. Ya nuna min sau ɗaya. Ki sa filash. Ki buɗe nan. Ki danna layin da ke fitar da saiti. Za ta tambaye ki ko ta ɗora a kan na makon jiya, ki ce e. Ki zare, ki mayar cikin durowa. Aikin da bai kai a dafa shayi ba. Amma ni a raina sarauta aka naɗa min. Har tafiyata ta canza. Oga yana kirana Injiniya don tsokana, ni kuwa na fara amsawa da gaske.

Abin da ban ba muhimmanci ba shi ne, layin da ke fitar da saiti da layin da ke shigo da saiti maƙwabta ne, ɗaya a kan ɗaya, kuma da Turanci sun yi kama kamar 'yan gida ɗaya. Filash ɗin kuma ba fayil ɗin Oga kaɗai ke ciki ba. Akwai na ɗalibai, fari, ba gyara ko ɗaya, wanda ake sa wa kwamfutocinmu in mun hargitsa su.

Ran Juma'ar nan sauran ɗalibai sun watse kafin azahar. Oga ya tafi Sabon Tasha duba batirin sola, ya ce zai dawo tare da wani Alhaji mai kantin magani a Narayi, wanda manhajarsa ta daina nuna magungunan da suka kusa lalacewa. Ya yi masa alkawarin gyara a ranar, bayan an sauko masallaci. Shago ya zama nawa. Na hau kujera mai juyawa, na juya, na sake juyawa. Na ɗauki hoto na farko na sa a waya inda kowa zai gani, na rubuta a ƙasa, "Babbar injiniya a bakin aiki." Ina neman na biyu, wanda zai fi fito da kwamfutar, hannun damana yana can yana aikin Juma'a shi kaɗai ba mai duba shi. Ya danna layin ƙasa maimakon na sama. Ya zaɓi fayil ɗin da ya fara gani. Aka tambaye shi, ya ce e.

Sai fari.

Da a nan na tsaya, da babu labari. Fayil ɗin Oga na makon jiya yana nan lafiya lau a cikin filash. Abin da ya rage kawai in sake danna shigo da saiti, in zaɓi nasa, komai ya dawo. Yanzu na san haka. Yanzu ko daga barci aka tashe ni na san haka. Amma a lokacin ƙwaƙwalwata ta koma ta makunnin wuta: in an danna ƙasa abu ya lalace, ai sai a danna sama ya gyaru. Na danna layin sama. Ta tambaye ni ko ta ɗora a kan fayil ɗin Oga. Na ce e, da sauri ma, kamar yadda na saba duk mako.

Fuska ba ta canza ba. Na zauna ina kallonta tana kallona. A hankali, kamar ruwan sanyi yana bin bayana, na gane abin da na yi: na kwashi saitin ɗalibai na zuba a kan na Oga. Na buɗe fayil mai sunansa na shigo da shi. Fari. Na sake. Fari. Na zare filash na hura masa iska na mayar (kada a tambaye ni dalili). Fari. Wanda ke cikin kwamfuta na goge, wanda aka ajiye don irin wannan rana ma na goge, duk da hannu ɗaya, kuma ni duka yatsuna suna nan.

Mutumin kirki a nan zai kira Oga a waya. Ni kwalliya na yi wa gawa. Na lalubo inda ake canza launi na mayar da fuskar baƙa. Na ƙara wa haruffa girma. Ruwan ɗorawan ne ya gagare ni, na samu wani launi mai kama da manja na ce ai ido ba zai bambance ba. Na goge tebur. Na share shagon da na riga na share da safe. Ina cikin sharar wurin da ba datti na ji muryarsu a waje.

"Bitrus, yau ka ce min. Kada in ji zancen Litinin."

"Alhaji, zauna kawai. Kafin ka shanye ruwan nan an gama."

Oga ya zauna, ya gyara tabarau, ya matso da fuska, ya ja baya.

"Injiniya, wa ya zuba wa kwamfutata manja?"

Na ce, cikin muryar da ni ma ban san ta ba, wai na ga kamar ta ɗan canza. Ya ɗora hannun hagu inda ya saba, ya danna. Ba abin da ya faru. Ya sake dannawa, wani akwatin saƙo da ba a kira shi ba ya buɗe a fuskar. Ya buga harufansa biyu, ya jira layuka su zubo, haruffan suka tsaya su biyu tsirara a tsakiyar fuska. Ya danna wani, aikin Alhaji ya rufe gaba ɗaya.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda har yau ba na son tunawa. Oga ya ɗago hannun damansa daga cinya ya ɗora a kan tebur, a gaban baƙo. Ya yi ƙoƙarin kama maɓallai biyu masu nisa da juna da babban yatsa da ɗan ƙarami. Ba su kai ba. Ya sake gwadawa, suka zame. Alhaji ya kawar da kai yana duba kalandar bango kamar akwai labari a cikinta.

"Me ya faru da ita?" Oga ya tambaya, a hankali.

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Wuta ce ta ɗauke, Oga."

Alhaji ya ɗaga kai sama. Oga ma ya ɗaga. Ni ma, don rashin kunya, na ɗaga. Fanka tana can tana juyawa abinta, kamar yadda take yi tun safe, don shagon da sola yake aiki. Kwamfutar kuma ta hannu ce, da batirinta a cike. A duk ƙaryar da ke cikin garin Kaduna, wannan na zaɓa.

"Ikon Allah," in ji Alhaji. "Wutar ta ɗauke a cikin kwamfuta ke nan, ta bar fanka."

Oga bai yi dariya ba. Ya miƙo hannu. "Kawo filash."

Na kawo. Ya sa, ya shigo da fayil ɗinsa, har baƙin da na shafa ya tafi, fari ya dawo. Ya matsa ya duba lokacin da aka adana fayil ɗin.

"Bayan ta lalace kika yi bakof?"

"E, Oga."

"A kan nawa?"

"E, Oga."

Ya cire tabarau ya ajiye. Ya daɗe yana murza ido. Da ya yi min tsawa da na fi jin daɗi. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Je ki kasuwa wurin Madam. Ki gaya mata abin da kika yi. Da bakinki."

Shi ke nan. An mayar da ni wurin wadda ta kawo ni.

Na zagaya bayan labule na tattara kayana cikin jaka: sallayata, kofina, cajar waya, silifas ɗin alwala, har da rabin biredin da na rage da safe. Ba wanda ya kula, dukansu fuskar kwamfuta suke kallo. Kasuwa ba nisa daga Makera, amma na ƙi hawa keke, na taka da ƙafa don hanyar ta yi tsawo. Ina tafe ina ganin fuskar Yaya Sani. Ba zai ma ce komai ba, murmushi kawai zai yi ya ɗauko waya ya kira mai ɗinki. Amma wallahi ko wannan bai kai hannun nan a kan tebur ci min rai ba. Mutumin ya ɗauki shekaru yana gina wa kansa hannu a cikin kwamfuta, ni na rushe shi ina turo baki.

Na samu Madam tana kore ƙuda daga kan kifi da ɗan kwali, Umma a gefenta tana tsince ruɓaɓɓen tattasai. Ban yi sallama ba. Na zube gwiwa biyu a gaban tiren kifi, daidai inda ruwan wankin kaya yake taruwa, na fara jawabin da na shirya a hanya. Na gode mata da ta ɗauke ni kamar 'yar cikinta. Na ce Allah ya saka mata. Na ce ta yafe min, ta roƙar min Oga ya yafe min ko ba yanzu ba. Kuka ya ci ƙarfin jawabin tun ban kai rabi ba. Mai manja ta baro rumfarta, mai daddawa ta taso, wata da ta zo sayen kifi ta fasa tafiya.

"Ke, wa ya mutu?" in ji Madam.

"Mama, na goge saitin Oga."

"Kin goge me?"

"Abin da yake sa ya iya aiki da hannu ɗaya. Na goge na cikin kwamfuta, na goge na ajiya."

Madam ta daina kaɗa kwali. Ita ta san abin da na faɗa, ko da ba ta san sunansa ba. Umma ta ajiye tattasai, ta gyara mayafi, ta fara, "Saratu, don girman Allah, yarinyar nan..."

"Tsaya, Hajiya." Ta dube ni. "Shi ya ce ki zo wurina?"

"Ya ce in gaya miki da bakina."

"To tashi daga cikin ruwan kifi, kin gaya min."

Ta jawo haɓar zaninta, inda mata suke ƙulle abin da ba sa so ya ɓata, ta fara kwance ƙulli da haƙori. Makullin rumfa ya fito. Ɓarin namijin goro ya fito. Sai wani ɗan abu naɗe cikin leda, an ɗaure shi da roba tamau.

"Ga layarsa," ta ce.

Mai daddawa ta matso. "Laya, Saratu? Ke da ba kya fashin coci?"

"Layar Bature ce, ba ta malam ba."

Tana warware robar tana ba mu labari. Wai shekarun baya ɓarayi sun fasa rufin shagon, suka ɗauke kwamfuta da filash ɗin a maƙale a jikinta. Oga ya yi kwanaki ba ya cin abinci. Tun daga nan ya sayi filash na biyu. Lahadin farkon kowane wata in sun dawo coci sai ya karɓa ya sabunta abin da ke ciki, ya mayar mata. Ya ce duk abin da zai samu shago, ba zai samu haɓar zaninta a rana ɗaya ba, don ita ko shi ba ta bari ya kwance.

Na ji numfashi ya fara dawo min. Sai ta ƙara da cewa, "Sai dai fa jiya na wanke zanin nan da ita a ciki. Na jiƙa shi tun safe, har da garin sabulu. Leda biyu na naɗe ta, amma ni ban san cikinta ba."

Numfashin ya koma inda ya fito.

"Mama, to ba korata ya yi ba?"

"Wannan ban sani ba, 'yata. Na san dai in ya turo mutum da irin wannan labari, laya yake nema. Wayata tana ƙarƙashin tire, ya san ko ya kira ba zan ji ba. Sauran ki ji daga bakinsa."

Umma ce ta karɓi filash ɗin ta ƙulle min a bakin hijabi da hannunta, ta ja ƙullin har sau biyu. Ba ta yi min faɗa ba, ta ce dai, "Ki hau keke, ki yi ta salati. Maganarmu sai kin dawo gida." Madam ta zaɓi kifi mai kyau ta naɗe a takarda. "Ki ba Alhajin nan. Bakin da ke tauna ba ya mita."

Haka na koma, gwiwoyina a jiƙe, ina warin kifi, jakar kaya a kafaɗa. Abin da na tarar ya kusa sa ni sabon kuka. Oga ya manna fuska a jikin farar fuskar nan yana buga harafi ɗaya-ɗaya, Alhaji kuma ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya miƙo yatsa ya danne masa maɓalli guda.

"In saki?"

"Riƙe, Alhaji. To saki. A'a, ba yanzu ba."

"Bitrus, ni magani nake sayarwa."

Na kwance ƙullin na miƙa. Oga ya warware ledar, ya kai filash ɗin hanci. "Kifi," ya ce. Na gaya masa zancen wanki. Ya rufe ido na ɗan lokaci. Sannan ya tashi daga kujera.

"Zauna."

Na ce a'a, don Allah, ni ba zan ƙara taɓa ta ba.

"Zauna. Ke kika fitar da shi, ke za ki dawo da shi. Amma duk abin da za ki danna, ki karanta min shi da ƙarfi tukuna."

Na zauna a bakin kujerar da ɗazu nake juyi a kanta. Na kasa saita filash ɗin a raminsa, na juya shi, na sake juyawa. Ya shiga. Shiru. Kwamfuta ba ta nuna ta ga komai ba. Ina jin Alhaji yana wani abu ƙasa-ƙasa, ban sani ba ko addu'a ce ko lissafin hanyar Narayi. Sai ga 'yar ƙarar nan, ƙil, sunan filash ya bayyana.

Na karanta layin da ƙarfi kamar 'yar aji ɗaya. Oga ya ce e. Na karanta sunan fayil. Ya ce e. Akwati ya fito yana tambaya, na karanta shi tun daga farko har ƙarshe, abin da ban taɓa yi ba tunda aka ba ni aikin. Ya ce danna. Manhaja ta rufe kanta.

Ta buɗe baƙa wuluk, da manyan haruffa ruwan ɗorawa.

Oga bai jira na tashi ba. Ya sunkuyo ta kafaɗata ya buga harufansa biyu, layuka suka zubo. Hannun daman ya koma cinya. Na zame daga kujerar na koma bencinmu na ɗalibai. Ruwan saman nan ya dawo kan kwano. Sau ɗaya ko biyu ya tsaya ya yi tsaki, don akwai 'yan gyare-gyaren da ya yi bayan Lahadin farkon wata, waɗannan sun tafi ke nan, sai dai ya sake su daga ka. Amma aikin Alhaji ya gyaru. Ya gwada, magungunan da suka kusa lalacewa suka fito jere. Na miƙa masa kifinsa da hannu biyu.

"Wannan fa?"

"Madam ce ta ce a ba ka."

"To Allah ya ƙara ɗauke wuta," ya ce, ya sa ƙunshin a aljihu ya fita yana dariya.

Muka rage mu biyu. Daga masallacin bayan layi aka fara kiran la'asar. Oga ya juyo da kujera.

"Injiniya."

"Na'am, Oga."

"Goge saiti, duk mai taɓa kwamfuta zai goge wani abu wata rana. Zancen wutar ne ya ɓata min rai. Da kin kira ni tun tana fara, da a waya zan gaya miki abin da za ki danna."

Na ce ya yi haƙuri.

"Ni ma da nawa laifin. Ni na koya miki ɗora sabo a kan tsoho. Daga yau kowane bakof da kwanan watansa a jikin sunansa, ba mai hawa kan wani." Ya zaro wayarsa, ya latsa, ya juyo min da ita. Ni ce, a kujerarsa, na karkata kai. Ya karanta a hankali, yana ba kowace kalma haƙƙinta: "Babbar injiniya a bakin aiki."

Ashe duk tsawon ranar nan hoton yana can yana yawo, na manta da shi. Da ƙasa tana da ƙofa da na shiga na rufe.

Sai idonsa ya sauka kan jakata, inda hannun kofi ya leƙo, silifas ɗaya yana shirin faɗowa.

"Ina za ki da kofi?"

"Na ɗauka... da ka ce in je wurin Madam..."

Ya dube ni, ya dubi jakar, sai a lokacin ya gane abin da na kwasa a raina tun daga Makera har kasuwa. Ya girgiza kai.

"Mayar da kofinki inda yake. Juma'a mai zuwa ke za ki yi bakof. Wayarki kuma a cikin durowa za ta jira ki."

Na ciro sallayar daga jaka na shimfiɗa a bayan labule, inda na ɗauke ta ɗazu ina yi mata kallon ƙarshe. A sujada na daɗe. Na yi wa Oga addu'a, na yi wa Madam da haɓar zaninta, na yi wa wanda ya ƙirƙiro leda. Na sallame, amma gaskiya har yau tsoron bai gama sakina ba: ko takarda fara aka buɗe a kwamfuta ba zato sai gabana ya faɗi.

Abin da na ɗauka daga ranar bai da yawa. In akwati ya fito yana tambayata ko na tabbata, yanzu nakan tsaya in tambayi kaina, don sau da yawa ban tabbata ba. In abu ya lalace, hannuna nake fara janyewa kafin in fara gyara. In kuma tsoro ya taɓa matsa min har na ji ƙarya tana tahowa, to in sha Allahu zan fara ɗaga kai in dubi fanka.